Nuna Mini Yadda Ka Yi

Atishawa ce ta haɗa su.

Auta na zaune a ɗakin tsofaffin littattafai, can hawa na uku na laburaren jami'a, ɗakin da ba mai leƙa shi sai ita da gizo-gizo. Sai ta ji an yi atishawa sau uku a jere a bakin ƙofa. Ta ɗago kai, ta ga wani dogon saurayi, hannun rigarsa fari fat da garin alli, yana rungume da fayil kamar za a ƙwace masa.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," ya ce yana murza hanci. "An ce a nan zan samu malamin da ke karanta Latin. Ko ya fita ne?"

"Bai fita ba," in ji Auta. "Shi kake yi wa atishawa."

Ya yi tsuru-tsuru, sannan ya fashe da dariya. Ita ma ba ta so ba, amma sai da ta murmusa.

Ƙaramar malama ce a sashen tsofaffin harsuna, Latin da tsohon Girkanci, harsunan da ba wanda ke cinikin albasa da su a yau. Shi kuma malami ne a sashen lissafi, kowa Mai Alli yake ce masa. A fayil ɗin akwai hotunan wani littafin lissafi da aka rubuta da hannu shekara ɗari biyar da suka wuce, shafi arba'in da ɗaya. Marubucin ya yi alkawarin wata hanya ta warware wani lissafi mai wuya, amma duk wanda ya bi bayanin sai ya ɓace a tsakiya. Masana sun daɗe da yanke hukunci cewa tsohon ya ruɗe ne kawai.

"Ni dai ina jin bai ruɗe ba," in ji Mai Alli. "Ki fassara mini kawai. Sati ɗaya ai ya isa, ko?"

"Sati ɗaya? Allah ya ba ka lafiya."

Wata uku aikin ya ci.

A teburin cin abinci na gidansu take baza hotunan kullum da yamma, ƙamus biyu a dama, gilashin ƙara girman rubutu a hagu. Baba kan wuce da jaridarsa, ya leƙa ta saman tabarau, ya girgiza kai.

Shekara talatin Baba ya yi yana koyar da lissafi a sakandare kafin ya yi ritaya, kuma har yau jan biro ba ya barin aljihun gaban rigarsa. A tarihinsa bai taɓa ba ɗalibi goma bisa goma ba. Auta kanta tara ta fi samu a hannunsa, a shekarun da take ta ɗaya a aji. Ranar da ta ce masa harsuna za ta karanta, kwana biyu bai yi mata magana ba.

"Kin ɗauki ƙwaƙwalwa mai kyau kin kai ta maƙabarta," haka yake cewa. "Lissafi tunani ne, Auta. Wannan naki hadda ce. Aku ma in aka ba shi lokaci zai iya."

"Haba Malam," Mama kan ce daga kicin, "ka bar mini yarinya ta sha iska."

Auta kan yi dariya, amma maganar tana yi mata ciwo. Shekara tara tana jin ta, ba ta taɓa sabawa ba.

Shi ya sa Mai Alli ya shiga ranta da wuri. Shi ne mutum na farko daga ɓangaren masu lissafi da ya zauna yana sauraronta da baki buɗe. Kullum da rana zai hawo bene da kofin shayi biyu, ya yi atishawarsa, ya zauna. Da safe kuma saƙonsa ne ke tashinta.

"Barka da asuba, Malamata. Na lissafa matakalar benenku, sittin da biyu ne. Ina hawa ba na jin ko ɗaya, ina sauka ina jin duka."

Ta mayar masa: "Ka rage zaƙin baki, Mai Alli, ka wanke rigarka."

"In na wanke da me za ki gane ni?"

A sati na bakwai ta gano abin. Tsohon bai ruɗe ba. Wanda ya ɗinke littafin ne, shekaru bayan mutuwar marubucin, ya hargitsa shafuka takwas. Gano hakan ma wasa ne a kan gano inda kowanne ya dace. Ta bi maganar marubucin jimla bayan jimla, ta bi hannun masu kwafi, ta bi har tabon ruwan da ya taɓa jiƙa gefen takardun. Sai da ta cika littafin rubutu biyu kafin shafukan suka zauna.

Ranar da ta jera masa su a sabon tsari, Mai Alli ya karanta fassarar a tsaye. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Sannan ya ajiye takardun.

"Ya fita," ya ce a hankali. "Wallahi lissafin ya fita. Malamata, kin buɗe ƙofar da ta yi shekara ɗari biyar a kulle."

Ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa.

"Ki aure ni. Ban shirya faɗa yau ba, amma ki aure ni."

"Sai ka tambayi Baba," ta ce tana kallon ƙasa.

Baba kuwa ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Tun zuwan Mai Alli gidan na farko suka ƙulle, suna zana lissafi a bayan jarida har shayi ya huce. "Ga ɗan da ban haifa ba," in ji Baba. Auta ta ji daɗi, ta kuma ji wani ɗan kishi da ta kasa faɗa wa kowa.

Bayan wata biyu aka shirya lacca a babban zauren jami'a, inda Mai Alli zai gabatar da binciken. Auta ta saka rigarta mafi kyau. Baba ya goge takalminsa da kansa. Suka zauna a layi na uku.

Aka kunna majigi, shafin farko ya fito a bango. Sunaye biyu ne a ƙarƙashin taken: na Mai Alli, da na abokiyar ofishinsa, wata dakta da ɗalibai ke kira Kalkuleta, wadda ta yi sati ɗaya tana duba masa alƙaluma.

Auta ta sake karantawa. Ta ce a ranta wataƙila nata yana ƙarshe.

"Da na yi nazarin littafin," in ji Mai Alli a lasifika, "sai na lura an hargitsa shafuka takwas. Da na mayar da su wurinsu..."

Na lura. Na mayar. Kowace kalma ta sauka mata kamar mari. Zaure ya ɗauki tafi, Kalkuleta na murmushi a kan dandamali tana gyaɗa kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da aka zo tambayoyi, wani tsohon farfesa ya ɗaga hannu. "Wa ya karanta maka Latin ɗin?"

Auta ta zuba wa Mai Alli ido. Ga dama ta biyu Allah ya ba shi.

"Wata 'yar'uwa daga sashen harsuna ta taimaka da fassara, muna godiya," ya ce, har da ɗan murmushi wajen da take. "Amma ka san wannan aikin ƙamus ne, ranka ya daɗe. Aikin tunanin daga baya ya fara."

Aka yi dariya kaɗan. Auta ba ta juya ta dubi Baba ba, don ta san abin da za ta gani. Maganar da ya yi shekara tara yana faɗa ce aka maimaita yau a lasifika, daga bakin mutumin da ta ba zuciyarta.

A mota Baba bai ce uffan ba har gida. Ta ɗauki shirun a matsayin "ba na faɗa miki ba?"

Ta shiga ɗaki ta kulle ƙofa, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun tana yarinya. Wayarta ta yi ƙara.

"Malamata, ina kika shiga? Na neme ki mu yi hoto. Yau ranarmu ce!"

Ta rubuta: "Ranarku dai, kai da wadda ke da suna."

"Haba, wannan ne? A wurinmu wanda ya taɓa lissafin ake sa wa suna, ƙa'ida ce. Ai na gode miki a gaban kowa."

"Sati ɗaya ta yi. Wata uku na yi."

"Na sani, rabin raina. Amma nata aikin ƙwaƙwalwa ne, kin gane, ba wai naki ba shi da wahala ba."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Da ƙarya ya yi mata, da sauƙi. Abin da ya fi ƙona ta shi ne har ga Allah haka ya yarda. Duk hawan benen nan, duk shayin nan, ashe kallon ƙamus mai kyakkyawar fuska yake yi mata.

"Na gane," ta rubuta. "Kada ka ƙara hawo benen."

Ta kashe wayar.

Sati uku ba ta ɗaga kiransa ba. Ta rame, ta daina zama a teburin cin abinci. In ta hango farar riga a harabar jami'a sai ta canza hanya. Sau biyu ta gan shi da Kalkuleta suna fitowa daga ofis suna dariya, ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji. Mama ta yi lallashi har ta gaji.

"Ki ci wani abu, Auta. Namiji bai kai ki kashe kanki a kansa ba. Tambaye ni, shekara talatin da biyar nake aure da allo."

Shi kuwa Mai Alli ya ɗauka fushin mata ne, zai wuce. Ya turo kawunsa wurin Baba a yi maganar sa rana, yana ganin ai Baba nasa ne. Kawun ya shiga da fara'a, ya fito ba ita. Baba ya ce ba ya bayarwa, in yaron na son jin dalili ya zo da ƙafarsa.

Auta ta yi mamaki, amma ba ta tambaya ba.

Ranar Asabar da hantsi Mai Alli ya zo. Tana ɗaki tana jin su ta ƙofar da ba ta rufe duka ba. Ta ji Baba ya ja kujera, ta ji ƙarar takardu a kan tebur. Ta leƙa. Hotunan nan ne arba'in da ɗaya, Baba ya ɗauko su daga inda ta jefar, ya mayar da su yadda suke a hargitse tun farko.

"Ka ce ka lura, ka ce ka mayar," in ji Baba. Ya zaro jan biro ya ajiye. "Amsarka daidai ce, na duba. To ni a ajina amsa ba ta cin maki. Nuna mini yadda ka yi."

"Baba, ai tsarin yana cikin takardar..."

"Na ga amsa, na ce. Hanya nake tambaya. Me ya sa wannan shafin ya zo kafin wancan?"

Mai Alli ya ɗauki shafi, ya ajiye. Ya ɗauki wani, ya juya shi, ashe ma a kife ya riƙe. Zufa ta keto masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Saboda in aka jera haka lissafin yana fita," ya ce da ƙyar.

"Shafi takwas hanyoyi nawa za a iya jera su?"

"Dubu arba'in da ɗari uku da ashirin."

"Duka ka gwada?"

Mai Alli ya ajiye shafin a kan tebur.

"Shekara talatin ina kama yaran da suka kwafi amsa," in ji Baba. "Ban taɓa zaton zan goge takalmina in je in tafa wa ɗaya ba. Ni ban san Latin ba, ban ma ɗauke shi a bakin komai ba. Amma wata uku ina wuce teburin nan, na san wanda ya yi zufa a kansa. Auta! Zo nan."

Ta fito, ba ta dubi Mai Alli ba.

"Nuna mini yadda kika yi."

Ba a taɓa yi mata wannan tambayar a gidan nan ba. Ta jawo shafi na goma sha huɗu.

"A nan marubucin ya ce, kamar yadda na nuna a baya. Amma abin da yake nufi sai a shafi na ashirin da biyu ya zo. Mutumin nan ba ya faɗin haka sai ya riga ya nuna, na bi shi sau goma sha ɗaya a littafin, bai taɓa saɓawa ba. Don haka ashirin da biyu yana gaba da sha huɗu."

"Ci gaba."

"Mutum biyu ne suka kwafi littafin. Na farko yana danna alƙalami, na biyu hannunsa sakayau. Sun karɓi juna sau ɗaya ne kawai, don haka shafukan na farko ba za su dawo bayan na biyu ba. Wannan ya raba takwas ɗin gida biyu, biyar da uku."

Baba ya jawo jarida ya fara rubutu a gefe. "Saura hanya ɗari bakwai da ashirin."

"Sai tabon ruwa. Ruwan ya shiga ne kafin a hargitsa, ta baya, don haka tabon yana girma shafi bayan shafi. Wannan ya zaunar da shida. Biyun da suka rage tabonsu ɗaya ne, sai da na zauna na fahimci abin da tsohon ke son tabbatarwa, na ga ɗayan ba ya tsayuwa sai a kan ɗayan."

Baba ya ajiye biro. Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Wannan ai hujja ce," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Mataki bayan mataki, ba rami. A teburina aka yi wannan, ina wucewa ina zancen aku."

Mai Alli ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Malamata, na zalunce ki. Na karɓi amsa, ban taɓa tambayar hanya ba. Na ɗauka buɗe ƙamus kika yi kika gani a rubuce."

"Wata uku kana zaune a gabana," ta ce, hawaye na zuba. "Me kake kallo?"

Ya sunkuyar da kai. Ta gode wa Allah da bai ƙirƙiro wani uzuri ba.

Ba ta yafe ranar ba. Wanda aka ci wa mutunci a lasifika ba a ba shi haƙuri a falo.

Ranar Litinin Mai Alli ya rubuta wa mujallar da ta karɓi binciken ya janye shi. Kalkuleta ta yi faɗa kamar ta ari baki, ta kwashe littattafanta ta koma wani ofis. Ya nemi a sake ba shi zauren nan, ya tsaya a gaban mutanen da suka tafa masa ya ce, "Na faɗi abin da ba haka ba. Ban lura da komai ba, ban mayar da komai ba. Ga wadda ta yi." Ya sauka ya miƙa wa Auta lasifikar. Awa ɗaya ta yi tana bayani, tsohon farfesan nan yana rubutu kamar ɗalibi.

Da aka buɗe sabon zango, ta shiga ajin 'yan shekarar farko, sai ta hango dogon mutum a kujerar baya, gwiwoyinsa sun tokare benci. Ta yi kamar ba ta gan shi ba. A gwajin farko ya ci huɗu bisa ashirin. Da yamma saƙo ya shigo.

"Malama, ɗalibinki na kujerar baya ne. Tun da aka haife ni ban taɓa cin huɗu ba. Na yi hadda, haddar ba ta cece ni ba. Kaina yana ciwo a wurin da ban san akwai shi ba. Ba yafiya nake roƙo yau ba, ƙarin darasi nake roƙo."

Ta karanta sau uku. Ta yi ƙoƙarin haɗe fuska, dariya ta ƙwace mata.

"Matakala sittin da biyu ne," ta rubuta. "Ka taho da shayi."

A ƙarshen zango ya ci goma sha uku, kuma ko rabin maki ba ta ƙara masa ba. Binciken ya fito da sunaye biyu, nata a gaba. Baba da kansa ya kira kawun a waya ya ce su zo.

Ranar ɗaurin aure, gida cike da 'yan'uwa, Mai Alli ya zo da rigar da ba alli ko ɗigo, har Mama ta ce ba ta gane shi ba. Da aka zo tafiya da amarya, Baba ya kira su biyu falo. Ya yi musu addu'a mai tsawo, Allah ya ba da zaman lafiya, ya ba da zuri'a mai albarka, ya sa kowannensu ya riƙa ganin wahalar ɗan'uwansa. Aka shafa.

Sannan ya jawo wani abu daga ƙarƙashin jarida ya miƙa mata. Littattafan rubutunta ne guda biyu, waɗanda ta cika a wata ukun nan. Ta ɗauka sun ɓata.

"Na duba aikinki," ya ce, yana kallon wani wuri. "Na makara da shekara tara. Ki yafe wa tsohon malami."

Ta buɗe shafin ƙarshe. Da jan biro, da rubutun nan da ta sani tun tana 'yar firamare, an rubuta goma bisa goma.

Auta ta faɗa jikin Baba tana kuka. Mai Alli ya juya kai yana murza hanci, ya ce ƙura ce, alhali Mama ta share falon nan sau biyu da safe.

Allah ya bar su tare.